Ranar da Na Ce wa Surukina Ya Sauka

A fadarmu ta Zango, wato majalisar hirarmu, maganar ta taso, bayan isha'i, shayi na kan wuta. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata kwaleji nan Damagaram. Shekara goma sha ɗaya ina zana wa yara dutse mai aman wuta a allo, in sa jan alli a bakinsa, alhali ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Malamin lissafi ne ya tsokane ni. Ya ce, "Mushe, kai fa tamkar mai tallan kifi ne a Tanut, bai taɓa ganin kogi ba." Mutanen Kano kan yi dariya in sun ji muna kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, mushe, to haka muke faɗa, mun kuma saba. Aka yi shewa, aka watse. Bayan sati biyu sai wasa ya zama gaske: aka yanke cewa kwasar adashinmu ta ƙarshen 2015 ba za a raba ta ba, Dutsen Kamaru za mu je mu hau.

Mu takwas ne. Na taran shi ne Alhaji, ƙanin mahaifin matata, mai manyan motoci a hanyar Agadas. Ba ɗan fadarmu ba ne, labari ya ji a gida, ya aiko a ce mini da shi za a tafi, kuma kuɗin mota zuwa da dawowa yana wuyansa. Wa zai ce a'a? Ni kuwa aka ɗora mini jagorancin tafiya, wai ni na san dutsen.

Abin da na sani na cikin littafi ne. Dutsen ya haura mita 4,000, yana tsaye a bakin teku, garin Buea na kwance a gindinsa. Ya yi aman wuta a 1909, har gwamnatin Jamus ta lokacin ta kwashe daga Buea ta koma Duwala na ɗan lokaci. Ya sake a 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. Duk wanda ya dubi wannan jerin ya san ba mataccen dutse ba ne, barci yake yi, kuma barcin nasa bai cika kai shekara talatin da wani abu ba. Da na lissafa sai na ga shekara goma sha biyar ke nan da babban amansa na ƙarshe. Daren nan ban yi barci da wuri ba.

Na shafe kusan sati uku ina zuwa gidan intanet da yamma, ina biyan awa. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko Ontake, a Japan. Ranar Asabar 27 ga Satumba 2014, gab da tsakar rana, mutane sun cika ƙolin dutsen suna cin guzurinsu suna ɗaukar hoto, sai ya fashe. Mutum 63 suka tafi, biyar daga cikinsu ba a ga gawarsu ba. Ba narkakken dutse ne ya ci su ba. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ne ya haɗu da zafi ya zama tururi, kamar tukunyar da aka danne murfinta, ya yi wurgi da duwatsu sama, suka zubo a kan jama'a. Abin da ya fi tayar mini da hankali, gargaɗin hukuma a ranar yana mataki na 1, mafi ƙanƙanta. Japan ke nan fa, inda na'urorin auna girgizar ƙasa suke da yawan gaske. Irin wannan fashewar ba ta cika yin sallama ba.

Na biyu a Kamarun ne kanta, tafkin Nyos, wanda ke cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta. Daren 21 ga Agusta 1986 tafkin ya saki iskar da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa, kabon dayoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka sai ta bi kwari ta gangara kamar ruwa. Mutum 1,746 suka mutu, yawancinsu a kan shimfiɗarsu, da dabbobi kusan 3,500, da yawa na Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan tafkin Monun ya kashe 37 ta wannan hanyar. Sai a 2001 aka kafa bututu a Nyos yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan.

Da na zo bayyana wa ƴan fada wannan, na fara da yaren aji, na ga ido ya fara lumshewa. Sai na tambaye su me mai yasar tsohuwar rijiya yake yi kafin ya shiga. Kowa ya sani: fitila yake zurawa da igiya, in ta mutu ba ya sauka. Na ce to ita ce wannan iskar. Nan take aka gane, har wani ya kawo labarin maƙwabcinsu da ya shiga rijiya ciro guga bai fito da ransa ba. Tun daga ranar na daina cewa kabon, sai iskar rijiya.

A cikinmu akwai ma'aikacin jinya, Manjo muke ce masa. Shi ya fara juya mini tunani. Ya ce, "Mushe, wuta kake ta tsoro. Ni ƙirjin mutanen nan nake tsoro." Damagaram ba ta kai mita 500 daga teku ba. Daga mita 2,500 jikin wanda bai saba ba yakan fara ƙorafi saboda ƙarancin iska, ciwon kai, amai, jiri, wani lokaci ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ga sanyi, don duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da digiri shida da wani abu. Ya ce kowa sai ya je an auna shi: hawan jini, suga, asma, sikila. Ya kuma tara katunan rigakafin shawara, tunda ba a shiga Kamaru sai da shi.

Awon ya fitar da mutum biyu. Malamin Faransanci yana da asma, kuma hayaƙin farar wuta da ke fita daga irin waɗannan duwatsu shi ne babban maƙiyin mai asma. Ɗayan kuma, wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba, aka samu yana ɗauke da rabin sikila, likita ya ce tudu mai nisa da gajiya da ƙishirwa na iya taɓa masa saifa. Suka yarda za su je su tsaya a ƙasa su ga teku. Alhaji bai je awo ba. Takarda ya aiko da ita ta hannun yaronsa, da hatimi da komai, wai lafiyarsa lau. Manjo ya duba ya dube ni. Na kawar da kai. Wannan laifina ne, kuma na san laifi nake yi a lokacin da nake yinsa.

Sai muka rubuta takarda. Shafi ɗaya ce, Hausa a gaba Faransanci a baya. Ta fara da faɗin gaskiya ƙarara: dutsen nan yana da rai, ba mai iya lamunce maka ranar da zai tashi, wanda ya hau ya hau ne da saninsa. In muka isa aka ce an rufe hanya, ba za mu hau ba ko da kuɗinmu ya nutse. Ba jagora sai mai rajista. Ba mai ware kansa, ko kama ruwa za shi sai ya faɗa. Ba zama ko kwanciya a cikin kwari ko rami don gudun iska. Ba leƙa bakin rami don hoto. Ranar hawa ƙoli, sha ɗaya na safe in ta yi, duk inda aka kai nan za a juya. Layi na ƙarshe shi ya fi cin lokaci kafin mu daidaita: a kan dutse maganar hanya ta jagora ce, maganar jiki ta Manjo ce, ni ke zartarwa, kuma daga Buea zuwa sama ba babba ba yaro, ba mai kuɗi ba talaka.

A zauren Alhaji aka karanta ta. Da aka zo layin ƙarshe ya yi murmushi ya ce, "Malam, shekara talatin ina ratsa sahara. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Ba ni na amsa ba, don ba ni da bakin amsawa. Wani almajirin malamai da ke cikinmu ne ya ce, "Haka ne, Alhaji. Amma wanda ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta tukuna." Alhaji ya ce, "An kawo mini raƙumi, an gama da ni." Ya karɓi biro ya sa hannu da ajami. Kowa ya bar kwafi ɗaya a gida, da lambar da za a kira. Matata ta karanta tata a tsaye, ta ce, "In Baba ya ƙi fa?" Na ce ba zai ƙi ba. Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin kwalla, ba ta ƙara cewa komai ba.

Wata guda muna fita bayan asuba, muna hawa da sauka a duwatsun Birni, kowa da jarkar ruwa a jaka. A nan muka gwada abin da na koya daga waɗanda suka tsira a Ontake: in ka ji ƙara, kada ka tsaya kallo ko ɗaukar hoto, ka faɗa bayan babban dutse, jaka a ka, rawani a hanci da baki, in ruwan duwatsu ya lafa ka gangara ta inda iska ba ta kai toka, ka kuma guji kwari. Yara ƴan makarantar allo suka riƙa taruwa suna kallon ƙattai suna faɗuwa bayan dutse da jaka a ka. Rigunan sanyi da takalma da hulunan kwano irin na magina a gwanjo muka samo. Inshorar tafiya da aka nuna mana, da na karanta ƙananan rubutun sai na ga ta cire hawan dutse, don haka muka bar ta, muka ware kuɗi daban a hannun Manjo, ba mai taɓawa sai ta ɓaci.

Ta Matamaye da Daura muka shiga Kano, daga nan Inugu, Abakaliki, Ikom, muka tsallaka a Ekok, sai Mamfe, Kumba, Buea. Kwana huɗu. Wannan kafin rikicin da ya ɓarke a yankin masu Ingilishi a ƙarshen 2016 ne, a lokacin laka da shingayen hanya kawai suka dame mu.

Tun a tasha wani saurayi ya tare mu, zai kai mu ƙoli da rabin kuɗin ofis, ba rajista ba ɓata lokaci. Idon Alhaji ya yi haske, ɗan kasuwa ya ga araha. Na ce, "Baba, layi na uku." Ya yi tsaki ya wuce. A ofishin masu jagora na zaro tambayoyina. Wa ke sa ido a kan dutsen? Akwai tashar masu auna girgiza a Ekona, nan kusa. An ji wani motsi kwanan nan? Ba a ji ba. Waya tana kamawa a sama? Wani wuri ta kama, wani wuri a'a. In mutum ya faɗi fa? Jagoranmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Bakweri mai ƙarancin magana, ya nuna bayan ƴan dako ya ce kada mu sa ran jirgi. Amsar nan ta fi kwantar mini da hankali fiye da a ce ya ce ba komai. Na ba shi takardarmu, aka fassara masa, ya daɗe yana kallon layin ƙarshe.

Kafin hawa muka je Bakingili, a hanyar Limbe zuwa Idenau, inda narkakken dutsen 1999 ya gangaro ya datse kwalta ya tsaya dab da teku. Baƙin tudu ne ya fi gidan sama, hanya ta yi masa kwana ta wuce. Na ɗora hannu a kai. Abin da nake zanawa da jan alli ke nan, ya sandare, ciyawa ta fara fitowa a jikinsa. Can gaba kaɗan Debunja take, inda ruwan sama ke kai milimita 10,000 a shekara. Mu a Damagaram in mun samu 400 sai mu ce an yi damina. Amma da za mu hau sai aka ce kowa ya ɗauki ruwa, don dutsen kamar rariya yake, yana shanye duk abin da ya zuba, sama ba rafi ba rijiya. Malamin lissafi ya ce ashe gida muka zo.

Mu bakwai muka kama hanya da sassafe. Daji ne mai duhu da danshi har bukka ta ɗaya, wajen mita 1,850. Daga nan bishiyoyi suka ƙare, sai ciyawa da baƙin tsakuwa da hawa mai miƙewa kamar bango. Kowace shekara ana tsere a wannan hanyar tun 1973, gwanaye su hau su sauko cikin awa huɗu da rabi. Mu la'asar sakaliya muka isa bukka ta biyu, kusan mita 2,800, muna jan ƙafa. A wuni ɗaya mun hau abin da ya kusa mita 1,800. Muka yi taimama muka haɗa salla. Gajimare yana ƙarƙashinmu.

Da dare aka dafa shayi, aka miƙa wa Alhaji na farko, ya ce a ba wani. Mutumin da ban taɓa ganin ya mayar da shayi ba. Can tsakar dare na ji shi a waje yana amai. Manjo ya auna shi da tocila a baki, bai faɗi lambar ba, sai ya tambaye shi maganin me yake sha. Shiru. Daga baya Alhaji ya zaro ƙwayoyin hawan jini daga aljihun ciki, shekara huɗu yana shan su, ko iyalinsa ba su sani ba. Da gari ya fara wayewa Manjo ya ja layi a ƙasa ya ce ya taka a kai, diddige na bin yatsa. Taku uku ya yi ya karkace, ɗan dako ya tare shi. Manjo ya ja ni gefe ya ce, "Wannan ba gajiya ba ce. Maganinsa ɗaya, ƙasa, yanzu."

Na same shi zaune a kan dutse cikin bargo yana ɗaura takalmi. Na durƙusa.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Mu tafi, rana na yi."

"Baba, a yi haƙuri. Nan za a tsaya."

"Wa zai tsaya?"

Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba tun da na auri ƴarsu, ranar ma ban kalla ba. Takalminsa nake kallo. Na ce Manjo ya ce a sauka. Ya ce Manjo yaro ne, ciwon kai ne kawai, in ya ci dabino zai wuce. Ya ce ya kwana uku a hamadar Tenere da mota a lalace bai mutu ba. Ya ce shi ya kawo mu nan da kuɗinsa. Sannan ya ce, a hankali, yadda kowa zai ji, "Malam, ƴata na ba ka, ban ba ka kaina ba."

Da a Damagaram ne da maganar ta ƙare a nan, in ce Allah ya huci zuciyar Baba, in tashi. Na rantse bakina har ya fara haɗa kalmomin. Hannuna ne ya shiga jaka. Na warware takardar, ban karanta ko harafi ba, na ajiye ta a kan gwiwarsa, wurin da ya sa hannu yana sama. Iska na neman ɗauke ta, ya danne da yatsa. Jagora, wanda ba ya jin Hausa amma ya gane komai, ya sauke jakarsa ya zauna, alamar ba inda za shi. Ba wanda ya yi magana. Na ji kamar an yi awa guda, Manjo ya ce bai fi minti biyar ba. Alhaji ya miƙo mini takardar ba tare da ya dube ni ba, ya ce wa ɗan dako ya kama masa hannu.

Ba zai yiwu in tura surukina ƙasa da baƙi ni in wuce sama ba. Na damƙa wa malamin lissafi agogo da takarda, ni da Manjo da ƴan dako biyu muka juya da Alhaji. A wuraren da suka yi tsayi goya shi aka yi, yana rufe fuska da rawani. Kafin mu kai bukka ta ɗaya ya fara taka ƙafarsa sosai, da muka shiga daji ya tambayi ko akwai sauran kilishi. A asibiti a Buea suka riƙe shi kwana ɗaya, daga kuɗin hannun Manjo aka biya.

Huɗun da suka wuce sun taka ƙoli sha ɗaya saura kwata, cikin iskar da suka ce tana yanka kunne kamar aska. A hanyar dawowa ƙanena, ƙaraminmu, ya hango wani rami mai lumshi ya ce bari ya shiga ya yi salla a ɓoye daga iska, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai na tasowa daga wajen. Malamin lissafi ya riƙe masa riga ya ce, "Ka zura fitila?" Ya yi sallarsa a fili yana karkarwa. Su suka kawo mini tsarabar wani baƙin dutse mai huji-huji, mara nauyi kamar busasshen burodi. Yana cikin jakata har yau, shi nake zagayawa da shi a aji. Duk shekara sai wani yaro ya tambaya, "Mushe, ka kai can sama?" In ce a'a, mita 2,800 na tsaya.

Daga Buea har Damagaram Alhaji bai yi mini magana ba, sai ta bakin wani. Haka aka yi wata biyu, ina zuwa gaisuwa yana amsawa da ka. Matata ba ta tambaye ni komai ba, sai dai ranar da muka dawo ta yanka zakara.

A Disambar 2019 muna fada rediyo ya kawo labarin tsibirin Whakaari a Niyu Zilan. Mutum 47 ne a kai lokacin da ya fashe, 22 suka rasu. An ɗaga gargaɗi zuwa mataki na 2 makonni kafin ranar, aka ci gaba da kai baƙi, kuma wasu da suka tsira sun ce ba wanda ya fayyace musu abin da hakan ke nufi. Aka yi ta muhawara ko laifin masu jiragen ruwa ne ko na masu tsibirin. Manjo ya ce shi abin da yake so ya sani, a cikin ma'aikatan nan wa ke da ikon cewa yau ba za a je ba, kuma in ya faɗa wa zai biya shi albashin ranar.

Alhaji yanzu yana ba da labarin Dutsen Kamaru a zaurensa, na ji shi ya fi sau goma. A nasa labarin, shi ne ya dubi sama da asuba, ya ga yanayin bai yi masa ba, ya ce wa yara su wuce shi zai koma, Malam kuma ya rako shi don ladabi. In ya zo nan sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, Malam?" In ce, "Haka aka yi, Baba." Sai ya miƙo mini kofin shayi na farko.